Harafin da Na Goge

Zuwa ga 'yata, Uwata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da karatu da haƙorin nan mai damunki. Mu nan kalau muke, in ban da babanki da ya yi karambanin da ko akuya ba ta yi ba. Ki samu wuri ki zauna.

Kin tuna tsohuwar kwandalar kakanki da kika bar mini ajiya, wadda dillalin tsofaffin kuɗi zai zo saye ranar Laraba a biya miki kuɗin jarrabawar ƙarshe? Kin ce kada in taɓa. Na daure har Talata. Sai na ga abin kunya ne baƙo ya tarar da kaya da datti a shagon mai gyaran agogo. Na ɗora gilashi a ido, sai ga ɗan harafin nan na ƙarƙashin shekarar da ke jikin kwandalar an buga shi sau biyu, ɗaya bisa ɗaya, kamar mai goyo. Uwata, aji huɗu na yi a duniya, kuma abin da bulala ta koya mini shi ne ba a rubuta harafi a kan harafi. Na ɗauko ƙaramin magagari na sauke goyon. Na bi da man goge ƙarfe har ina hango giɓina a ciki.

Dillalin ya zo da hoton da kika tura masa. Ya dubi hoto, ya dubi kwandala, ya daɗe yana dubana. Sannan ya yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa majinyaci. Wai harafin alamar gidan da aka buga kuɗin ne, kuma kuskuren bugun shi ake saye, don da wuya a samu irinsa. Wai har dattin ma kuɗi ne. Shekara talatin ina ci da gyara, ashe akwai kasuwar da ɓarna ce mai tsada.

Kin san hali, ban tsaya nan ba. Yana fita na ɗauko ƙusa da guduma don in mayar da kuskuren inda na same shi. Washegari na kai masa. Ya ce in ɓoye ta kada a kama ni da jabu. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni nawa har da kwaɗo.

To, bari in ajiye wasa. Na san kwana tara ya rage a rufe biya. Na sayar da teburin aiki da gilashin da agogon bango, kuɗin ya kai rabi. Na je wurin kawunki, ya cika ni da nasiha, ya rako ni har bakin titi. Mamarki ba ta sani ba tukuna, ga shi abin mahaifinta ne. Sau uku ina shiga in faɗa mata, duk sai in tarar tana riƙe da wuƙa tana yanka albasa.

Don Allah kada ki haɗa kaya, kada ki rufe littafi. Ki yi fushi da ni iya son ranki, amma bayan jarrabawa. Sauran rabin yana wuyana, kuma ban san inda zan samo shi ba. Abin da na sani, ranar ƙarshe zan tsaya gaban mai karɓar kuɗin makarantarku, ko da kuɗi a hannu ko da gwiwa a ƙasa.

Ki gaida abokan karatunki. Allah ya yi miki albarka, ya raba ki da hannu irin nawa.

Ni ne naki,
Babanki, mai gyaran da ba a sa shi ba