Faifan Da Ya Fi Baba Sauri

Asabar, 4 ga Mayu

Yau ma na je shagon Uncle Lim. Zainabu ta ce ita ranar Asabar ba ta da miji, sai dai mai dawowa cin abinci. Gaskiyarta ce. Shagon faifai ne a saman wani kedai, wato kanti, na yadi kusa da Masjid India. Nan muke taruwa bayan azahar, tsofaffi masu son jaz da ni, baƙar fata ɗaya tilo. Al'adarmu, Uncle Lim ya ɓoye kwalin faifai a bayan kujerarsa, ya ɗora allura, kowa ya saurara ya faɗi ra'ayinsa. Sai an gama yanke hukunci ake fito da kwali. Ta haka muke cin mutuncin manya ba mu sani ba.

Na yau saksofon ne, siriri, mai tsini, da gudu kamar an biyo mai shi. Encik Hadi, tsohon ma'aikacin rediyo, ya lumshe ido ya ce wannan mutumin ya riga zamaninsa. Na ce babu wani zamani, gaggawa ce kawai. Na ce mai busar nan ba shi da haƙuri, ba ya jiran mai ganga, algaita yake yi da kayan Bature. Aka yi ta dariya. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Sai Uncle Lim ya zaro kwali yana murmushi. "Your country lah." Taurarin Tasha, Kano, 1976. Wani ƙaramin kamfani ne a Turai ya samo tef ɗin asali ya sake bugawa bana. Sunan mai saksofon Harry Dala, babu hoto, wai tun daga faifan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kano fa! Garin da aka haife ni, kuma ban taɓa jin sunansu ba. Mako mai zuwa za mu ji ɗaya gefen. An saka hirar da suka yi a situdiyo, da Hausa, suna so in fassara.

Lahadi, 5 ga Mayu

Na kira gida. Baba: "Lafiya? Ya karatu? To madalla. Ga uwarka." Shi ke nan. Tun da na zo ƙasar nan hirarmu ba ta taɓa wuce haka ba.

Laraba, 8 ga Mayu

Ina cikin jirgin ƙasan LRT na tuna kasat ɗin nan. Ina aji biyu a sakandare wani malami ya ara min, busa ce zalla babu waƙa. Baba ya shigo ya tarar ina ji. Bai yi faɗa ba, shi ba ya faɗa. Ya ciro shi a rediyo, ya ɗora a dakali, ya take da dunduniya a hankali. Ya ce, "Ba a gidan nan ba." Na'ibin liman ne a masallacin unguwarmu, na ɗauka dalilin ke nan. Ina jin tun ranar na rantse sai na san kiɗan nan fiye da kowa, don haushi.

Asabar, 11 ga Mayu



An juya faifai. Kafin kiɗa ya fara ana jin ana jan kujera, ana dariya. Wani ya ce, "Haliru, ka shirya?" Ban kawo komai a raina ba duk da sunan Baba ne, Haliru nawa ne a Kano. Sai aka yi gyaran murya sau biyu, na biyun gajere. Sannan wata murya ta ce, "Ba a haka, Audu, ba a haka. Ina za ka? Koma daga kai."

Ba a haka, ba a haka. Da wannan aka koya min alwala. Da wannan aka koya min ɗaure rago. Muryar siririya ce, tana sauri kamar ta yaro, amma gyaran muryar nan ko a kabari aka yi shi zan gane.

Duk sun zuba min ido suna jiran fassara. Na ji bakina ya ce, "That's my father." Uncle Lim ya ɗaga allura. Encik Hadi ya ce Allah ya jiƙansa, yaushe ya rasu? Na ce yana nan da ransa, jiya ma shi ya ja Juma'a in liman bai samu zuwa ba. Wurin ya hargitse. Uncle Lim ya rungume ni yana hawaye, wani tsoho yana ta buga tebur. Ashe Encik Hadi na ɗauka da waya, kamar yadda yake yi kowane mako don shafin ƙungiya. Ya ce, "Boleh?" Wato ka yarda? Na gyaɗa kai. Wallahi ban san me na gyaɗa wa ba.

Mutumin da ya take kasat. Mutumin da ko kiɗan talla aka sa a rediyo sai ya rage. Harry.

Lahadi, 12 ga Mayu

Kuma na ce ba shi da haƙuri. Baba, da sai kowa ya wanke hannu yana kan lomarsa ta tsakiya. Wannan ne ya kasa zama min. Muryarsa ce, amma busar ba ta yi kama da shi ba ko kaɗan.

Talata, 14 ga Mayu

Encik Hadi ya turo min saƙo cike da murna. Bidiyon ya zagaya, masu tara faifai daga ko'ina suna ta rubutu. An gano Harry Dala! Wasu na cewa shi ne ya fara irin wannan busa mai tsini a Afirka ta Yamma, wasu na cewa kwaikwayo ne, wasu na faɗa kan ko sabon bugu ya goge ƙurar da ke ba tsohon daɗi. Kamfanin ma sun nemi lambar Baba. Encik Hadi ya rubuta cikakken sunan Baba da unguwa, don ni da bakina na faɗa ranar.

Na kira shi na ce ya sauke. Ya kasa gane me nake nufi. "Why lah? He's a legend!" A wurinsu an tono zinariya. Ta yaya zan fahimtar da shi cewa a unguwarmu mabushi ba ya shiga gaban sahu? Ya sauke, amma magana zarar bunu ce.

Alhamis, 16 ga Mayu

Yaya Hureira ta kira ina tsakiyar cin abinci a mamak, gidan abincin da ke ƙasan gidanmu na Danau Kota. Ko sallama babu.

"Mika, me ka yi? Me ka yi wa tsohon nan?"

Wani ɗalibi a nan ya tura wa ƙanensa bidiyon, ƙanen ya jefa a zauren wayar 'yan unguwa. An haɗa da hoton Baba da rawani, an rubuta Harry a ƙasa. Yara na bin bayansa suna busa da hannu. Jiya da magariba liman ba ya nan, Baba ya taka zai shiga gaba, wani daga cikin dattawa ya riƙe masa hannun riga. Aka tura wani. Baba ya koma sahu.

Na tambaye ta ko ta sani tun da. Ta ce Inna ce ta gaya mata da za ta yi aure. Kakanmu ya ce ba zai ba mabushin otal 'yarsa ba, sai Baba ya kai saksofon ɗin Sabon Gari ya sayar, ya canza unguwa, ya koma makarantar zaure. "Shekara da shekaru yana rufe abin nan, kai ka buɗe a rana ɗaya don ka burge 'yan China. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma kai da baki ka gada."

Na yi tapau ɗin sauran abincin, aka ƙulle min na taho da shi. Har yanzu yana cikin leda.

Juma'a, 17 ga Mayu

Na kira. Bai ɗauka ba.

Asabar, 18 ga Mayu

Ban je shago ba. Zainabu ta dube ni, ta dubi agogo. Na kira, Inna ta ɗauka ta ce yana hutawa. Ina jin gyaran muryarsa a kusa da ita.

Litinin, 20 ga Mayu

Ya ɗauka.

Na shirya ban haƙuri mai tsawo, na fara ke nan ya katse ni. "Hureira ta sa min abin." Ina jiran "ba a gidan nan ba" ko abin da ya fi shi. Na saddaƙar yau zai yafe ni, ya cire ni daga cikin 'ya'yansa.

Ya ce, "Ba su gyara ba."

Na ce na'am?

"Gudun. Har yanzu ba su gyara ba. Ranar janareto ya gaji, da ƙyar yake jan tef ɗin. Da aka kai inda wuta take daidai sai komai ya tsere. Na gaya musu tun a lokacin, suka ce an riga an buga." Ya yi gyaran murya. "Ba haka na busa ba, Mika'ilu. Ni ban taɓa busa haka ba."

Tunda nake ban taɓa jin muryarsa ta karye ba, ko ranar da aka binne Kawu. Na ce Baba maganar masallaci fa, ni na jawo. Ya ce, "Sahun baya ma salla ce." Sai ya ce ga uwarka.

Na zauna a bakin gado na rasa abin da zan yi da hannuwana. An cire shi daga gaba saboda faifan da ko nasa bai ɗauke shi ba.

Asabar, 25 ga Mayu

Na koma shago. Suka tashi da murna, sai suka ga fuskata suka zauna. Na ba su labarin janareto, ban ba su na masallaci ba. Na roƙi Uncle Lim ya sake sa gefen farko, ya bar ni in taɓa maɓallin rage gudu. A shagon nan wannan saɓo ne, faifai yadda aka buga shi ake jin sa. Ya dubi Encik Hadi, sannan ya matsa min.

Na fara ja baya kaɗan-kaɗan. Tsinin ya tafi. Busar ta yi kauri, ta zauna, ta fara jiran mai ganga. 

Na san waƙar. Ita ce Baba ke yi da bakinsa a rufe in yana goge kayan Juma'a. Ita ya yi min a kafaɗarsa da na yi ƙyanda. Duk rayuwata na ɗauka zikiri ne.

Nan take gardama ta kaure. Encik Hadi ya ce har ga Allah shi mai gudun ya fi so, da shi ya saba, can wutar take. Wani ya ce a'a, wannan ne mutum. Suka juyo gare ni, ni da ba a taɓa gama faifai ban yanke hukunci ba. Na ce ban sani ba. Uncle Lim ya zura faifan a kwali ya tura min, ya ce in na ciro walat zai jefo ni ta matakala.

Laraba, 29 ga Mayu

Yaya Hureira ta ce ba su mayar da shi gaba ba, kuma da wuya. Yana zuwa da wuri ya zauna a baya kusa da takalma. Kamfanin sun sake rubuto min, ban amsa ba. Ba nawa ba ne da zan amsa.

Lahadi, 2 ga Yuni

Da la'asar waya ta yi ƙara. Baba. Shi da kansa, ba Inna ce ta danna masa ba. Na ɗauka rasuwa aka yi.

"Lafiya? Ya karatu?" Na ce lafiya lau. Ina jiran ga uwarka. Sai ya ce, "Hureira ta ce injin naka ana iya rage masa gudu."

Na ce ana yi.

"To sa in ji."

Na ɗora allura, na kara wayar a jikin sifika, na fara ja baya. Ya ce ƙara. Na ƙara. "Ba a haka, ba a haka, ka wuce. Dawo kaɗan." Na dawo. "Tsaya nan."

Har gefen ya ƙare numfashinsa kawai nake ji, da wani abu ƙasa-ƙasa da bakinsa a rufe. Zainabu ta leƙo ta koma. Ni dai wayar ce ta yi min nauyi, shi ya sa na riƙe ta da hannu biyu.

Allura ta kai ƙarshe tana ƙas-ƙas. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Koma daga kai," in ji shi.