Kwalin Babana Da Aka Rage A Tashar Adjamé

Zuwa ga Alhaji, shugaban kamfanin motocin da ke ɗaukar mutane da kaya daga tashar Adjamé ta Abidjan zuwa Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uba, ina fatan kuna lafiya, ku da iyali da ma'aikata. Ranka ya daɗe, ba ku san ni ba. Sunana Hadiza, shekarata goma sha shida, ina lise, wato sakandare, muna zaune a unguwar Biafra cikin Treichville, nan Abidjan, ni da Mamana da ƙannena mata biyu. Ban ambaci sunan kamfaninku ba don Mama ta ce kada in tozarta dattijo a bainar jama'a. Amma kun san kanku, kuma na san a zauren 'yan Nijar na waya, inda za a sa wannan takarda, akwai masu karanta muku. Ku yi haƙuri da Hausata. A makaranta da Faransanci muke rubutu, wannan kuwa a littattafan soyayya na koye ta, waɗanda nake karantawa a wayar Mama idan ta ajiye. Sau biyu na zo ofishinku, sau biyu bakina ya ƙi buɗuwa. Shi ya sa na rubuta.

Na farko, ina so ku san abin da ke cikin kwalin, don a rasit ɗinku "ordinatar ɗaya" kawai aka rubuta, wato kwamfuta ɗaya.

Babana, Allah ya jiƙansa, mai gyaran kwamfuta ne. Tsofaffin kwamfutocin da ke sauka daga jirgin ruwa, waɗanda ake ce wa France au revoir, su yake saye ya gyara ya sayar a wani ɗan shago kusa da kasuwar Treichville. Ya rasu bara, kafin azumi. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin kwamfutoci, amma ƙaramar waya mai maɓalli yake riƙewa, bai taɓa aika wa kowa saƙon murya ba, hoto ma sai an yi da gaske. Sai dai yana da wata ɗabi'a. Duk lokacin da kamara ko makirfo ya zo hannunsa, a kwamfutarsa ta shago yake gwadawa, kuma da bakinsa yake gwajin. Wani lokaci ya karanta Fatiha, wani lokaci ya yi waƙar garinsu, wani lokaci ya yi ta yi mini tsiya idan na kai masa abinci na zauna a lungu da littafi. Ba ya gogewa. Shekara da shekaru suna taruwa. Duk duniya, Alhaji, babu inda muryar Babana take sai cikin diskin wannan kwamfutar.

Bayan an tashi shagon muka kawo ta gida. Wata biyu tana kunnuwa, sai ta daina. Masu gyara biyu na unguwa suka ce a ba su su goge komai su sa sabo. Mama ta ɗauke abinta. Ƙanin Baba, Baffa Sani, sana'arsu ɗaya, yana Yamai. Shi ya ce a aiko masa da ita gaba ɗaya, don bai san ko ciwon a jikin injin yake ko a diskin ba.

Na biyu, yadda na ɗaure shi. Na faɗi wannan ne don a ofishinku an ce mana wai masu kaya ne ba su iya ɗauri ba.

Tun ina 'yar shekara tara nake riƙe wa Baba sikoc, tef ɗin liƙe kwali, idan zai aika kaya Bouaké ko Korhogo. Ya nuna mini cikin wani mataccen diski: faifai ne mai ƙyalli kamar madubi, da wata 'yar allura da ke shawagi a kansa ba ta taɓa shi, tsakaninsu bai kai kaurin gashi ba. Idan ya bugu, allurar ta karce faifan, abin da ke wurin ya tafi. Don haka na cire diskin daga cikin injin. Na sa shi a ledarsa mai ruwan toka, na naɗe da soso, na sa a ɗan ƙaramin kwali shi kaɗai. Injin na sa shi a nasa kwalin. Sannan na samo babban kwali na firij a wurin maƙwabcinmu, na yanke shi daidai, na sa su duka biyun a ciki, na bar tazarar yatsu huɗu ta kowane ɓangare, na cika tazarar da ragowar soson da Baba ya bari a buhu. Na girgiza na kasa kunne, yadda yake yi. Babu abin da ya motsa. Na zana kibiya mai nuna sama a fuska huɗu, na rubuta fragile, wato mai fashewa, da jan alƙalami.

Yini biyu na yi a kansa. Kada ku yi mini dariya, amma a raina ji nake kamar amarya nake shiryawa za a kai ta gari mai nisa. Har na riƙa hango shi a cikin mota, yana wuce dazuzzuka da garuruwan da ban taɓa gani ba, Baffa na jiransa a tasha.

Na uku, abin da ya faru a tasharku ranar Talata da hantsi.

Mun ɗauki taksi sukutum, ba mu shiga gbaka, ƙaramar bas ta haya, ba, don kada a matse shi. Mai karɓar kaya ya dube shi ya ce jika goma sha biyu na sefa, saboda girmansa. Mama ta yi ciniki, kamar yadda kowa ke yi a Adjamé. Ta gaya masa na marayu ne. Mutumin ya tausaya, na ga haka a fuskarsa, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce ta kawo bakwai, zai san yadda zai yi. Mama ta yi ta sa masa albarka, ta tafi layin biya.

Ni aka bari da kwalin. Ina tsaye mutumin ya ciro reza ya tsaga sikoc ɗin. Na zaci dubawa zai yi, tunda an ce ana duba kaya. Sai na ga yana zaro soson yana tarawa gefe. Wata mai sayar da ƙwai ta zo ta kwashe, har tana godiya. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce in kwantar da hankalina, shekararsa ashirin yana wannan aiki, iska kawai zai rage mana don kada mu biya kuɗin iska.

Alhaji, na san abin da ya kamata in ce. Amma shi babba ne, sa'an Babana, mutane cike da wurin, ga masu dako na ihu a ba su hanya, ni kuwa ko a aji malami ya kira sunana sai in ɓoye fuskata a littafi. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Mama ta dawo da rasit ta ja hannuna muka tafi, ban gaya mata ba. Na ce a raina wataƙila zai mayar. Wannan laifin nawa ne, na ɗauka, kuma ina ɗauke da shi kullum. Amma ba ni kaɗai ba ce.

Daga baya na fahimci abin. Masu lodinku gwanaye ne wajen cike gurbi. Na tsaya na kalle su: buhun attiéké, dambun rogo, nan, jarkar manja can, a tura katifa a tsakani, ko tafin hannu ba a bari. A wurinsu duk fili asara ne. Haka aka koya musu, kuma a kan doya da atamfa daidai ne. Shi kuwa kayan Babana, filin nan shi ne ransa.

Na huɗu, yadda ya isa.

Bayan kwana biyar Baffa ya kira da la'asar ta bidiyo. Bai yi gaisuwa mai tsawo ba. Ya nuna mana kwali ɗaya, ƙarami, na injin. Babban babu, soso babu, ɗan kwalin diskin babu. Ya ɗaga injin ya karkata shi, muka ji abu ya gangara ya bugi ƙarfe. Ashe mutuminku ya ga akwai wuri a cikin cikin injin, sai ya buɗe murfin gefe, ya zare diskin daga sosonsa, ya jefa shi ciki tsirara, ya rufe. Haka ya yi ta gwaruwa tun daga Abidjan har Yamai, a kan duk ramin da ke hanyar.

Baffa ya haɗa diskin da wata kwamfutar muna ji. Ƙas, ƙas, ƙas, sai shiru. Ya sake, haka. Ya cire da sauri ya ce kowane kunnawa ƙara karcewa yake. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da ya duba injin, ɗan akwatin wuta ne kawai ya ƙone. Gyaran rabin awa. Lafiyarsa lau diskin ya bar hannuna.

Mama ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta tashi ta ɗora tukunya alhali mun riga mun ci abinci.

Na biyar, amsar ofishinku. Zuwan farko an ce mai kula da kaya ba ya nan. Zuwa na biyu wani saurayi mai ɗaurin wuya ya juya rasit ɗin ya nuna mana ƙananan rubutu a baya, cewa kamfani ba ya ɗaukar alhakin kaya masu fashewa. Mama ba ta karatun boko, ni kuma ban juya ba. Ya ce saboda mutunci za a mayar mana da jika bakwai ɗin, kuma irin wannan diskin ana samunsa da arha a Adjamé, har ya kwatanta mana shago. Mama ta ce ya bar kuɗin. Ni dai ina bayanta. A littattafan da nake karantawa, a irin wannan wurin ne yarinya ke ɗaga kai ta yi magana har kowa ya yi tsit. Ni fita na yi na tsaya jikin bango.

Yanzu ga dalilin da ya sa takardar nan ba ta iya jira. Baffa ya samo labarin wani mutum a unguwar Plateau, nan Abidjan, mai buɗe diski a ɗaki na musamman da ƙura ba ta shiga. Ya ce ba alkawari, amma idan ba a ƙara buga shi ba, wataƙila a ceto wani abu, ko kaɗan ne. Ke nan sai diskin ya dawo Abidjan. Baffa ya roƙi matafiya biyu su riƙo shi a hannu, duka sun ƙi, don a shingayen hanya ana tambayar me ke ciki, su kuma ba su iya nunawa. Da rasit ɗin kamfani ne kawai yake wucewa lafiya. Ranar Asabar mai zuwa Baffa zai kai shi tasharku ta Yamai. Motarku dai zai sake shiga, Alhaji. Ba mu da wata.

Don haka nake roƙonku, don Allah:

Ku kira tashar Yamai da bakinku, ku ce kada kowa ya sa reza a kwalin da Sani mai gyaran kwamfuta zai kawo. Zai yi girma fiye da abin da ke cikinsa. Haka ake so. Za mu biya yadda aka ce, Mama ta yi alkawarin ba za ta yi ciniki ba.

Ku sa a ajiye shi a gaba kusa da direba, kada a sa a ƙasa tare da jarkoki, kuma a miƙa shi da hannu, kada a jefo.

Kada ku kori mai karɓar kayan nan. Alheri ya so yi mana. Ku dai gaya masa, shi da sauran, cewa idan za a rage kwalin mutum a tambaye shi tukuna, a kuma jira amsa, ko da yarinya ce da ta sunkuyar da kai.

Alhaji, ƙanwata ta ƙarshe shekararta huɗu. Makon jiya ta tambaye ni yadda Baba yake magana. Na buɗe baki in kwaikwaya mata, sai na ga kalmomin suna nan amma sautin ya fara ɓace mini. Ban san ko muryarsa ta fi ta Baffa kauri ba. A da na san wannan.

Allah ya tsare motocinku a hanya, ya kai kowa gida lafiya, ya ja kwananku, ya sa 'ya'yanku su daɗe suna jin muryarku. Ranar da motar za ta shigo zan zo tasha tun da safe, da kayan makaranta a jikina, in tsaya wajen da ake sauke kaya.

Wassalam.

'Yarku,
Hadiza, ɗiyar marigayi mai gyaran kwamfuta,
Biafra, Treichville.