Turaku a Kwarin Yakura

Gure, 9 ga Janairu 1976

Zuwa ga aminina Jibirin,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka da ta Dija da yara? Mu nan lafiya lau, koyarwa a lakwal na tafiya.

Na ji kamfaninku na Yamai na neman injiniya don binciken sarrafa kanwa da gishiri da inji. Jibirin, ina da mutumin! Aisami ne, ɗalibina tun ajin farko, ya dawo daga Dakar da digirinsa. Maraya ne. Uwarsa Yakura ta raine shi da gishirin mangul ɗin da danginsu ke dafawa a wani kwari kusa da Gidigir. Ka gaya wa darakta kwarin nan babu kamarsa a duk ƙasar Manga, kuma yaron ya san ƙasar kwarin da ɗanɗanon harshe tun kafin ya san ta da kwalbar gwaji. Ku ɗauke shi, ni na tsaya masa.

Naka,
Ma'azu

Gure, 20 ga Afrilu 1976

Jibirin,

Ina gaishe ka, ina fatan kuna lafiya.

Aisami ya iso da motar kamfani da turaku masu jan fenti. Na fito da yaran ajina don su ga ɗan Gure da ya zama injiniya. Ashe kwarin uwarsa aka aiko shi ya auna, za a kewaye shi da waya! Shi kansa sai a hanya aka faɗa masa inda za su. Na tambaye shi wa ya nuna wa kamfani wurin. Ya sunkuyar da kai. Wai darakta ya karanta wasiƙata a gaban kowa, ya ja layi a ƙarƙashin sunan Gidigir.

Jibirin, yabon yaron nake, ban san wurin cin abincin gidaje nake nunawa ba.

Yakura ta tsaya bakin tukwanenta tana kallon ɗanta yana kafa turke. Ba ta yi kuka ba. Ta dai hana shi shiga gida, yanzu a wurina yake kwana. Na ce ya ajiye aikin, ya ƙi. Ya ce in ya tafi, wanda za a aiko bai san sunan kowa a kwarin ba. Akwai wani kwari wajen Bune da ba mai aiki cikinsa, shi yake so ya gwada kafin a kawo waya, ko kamfani ya koma can. Don Allah ka roƙi darakta ya ba shi dama, kamar yadda ka roƙa a da.

Kullum Yakura na aiko masa da tuwo, miya ta ji nama da man shanu, amma ba gishiri ko ƙwaya. Yana cinyewa tas. Ni ma da shi nake ci.

Ka gai da Dija.

Amininka,
Ma'azu