Funkason Surukarka

Assalamu alaikum Malam Bashir. Daga babban likitan ciki na Zariya kaf. Ya aiki, ya Legas, ya amarya Hadiza? Allah ya sa kuna lafiya.

Bayan gaisuwa, maganar Inna ce. Shekara shida rabonta da alkama saboda tana ɓata mata ciki, sai tuwon dawa da na shinkafa. To, ranar Juma'a surukarka ta taso daga Jushi har Samaru da kwanon funkaso, ta zauna sai ta ga an ci. Inna ta ji kunya ta ci biyu, har da cewa, "Hajiya, hannunki da albarka!" Yau kwana uku tana murƙususu, ciki ya kumbura, ko koko ba ya zama. Ga shi Hajiya ta ji daɗin yabo, ta ce Juma'a mai zuwa da alkaki za ta dawo, kuma Inna ta hana kowa faɗa mata. Ka sa Hadiza ta gaya wa uwarta kafin Alhamis.

Ku sa Inna a addu'a, a gaida maƙwabta.

Af, ba wani likita, Sani ne ƙaninka. Na san in ka ga sunana a sama za ka ce tsiyata ce ka ajiye. Wallahi Yaya, wannan karon ba wasa nake ba.