Na Goge Tsagar Fuskar Mahaifiyata

Assalamu alaikum admin, a sakaya sunana. 'Yan uwa, don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya tsaya mini a ƙirji.

Ni mace ce, a unguwar Limanti nake, bara na sayi kyamara ta hannu ina bin darussan ɗaukar hoto a waya, yadda ake saita haske da sauransu. Mahaifiyata, Ya muke ce mata, ba ta son hoto ko kaɗan, da ta ga kyamara sai ta ja lafaya ta rufe fuska, wai na mayar da ita abin gwaji. Rana ɗaya tak ta yarda, da hantsi a tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ɗago tana yi mini dariya na ɗauka. Wallahi ban taɓa ɗaukar hoto mai kyau irinsa ba.

To a lokacin ina koyon gyaran fata a hoto, na ga masu koyarwa suna shafe duk wani layi a fuska har ta yi sumul. Ni kuma da rawar kai na bi tsagarta ta Barebari ɗaya bayan ɗaya na goge, ina jin ni gwana ce. Na adana gyararren a kan na asalin, katin kyamarar ma na share shi don ya cika. Wata biyu bayan haka Allah ya yi mata rasuwa.

Bayan sadakar arba'in yayana ya ce a wanke hoton a ba kowa. Da Yagana, ƙanwar Ya, ta karɓa, ta daɗe tana kallo, sai ta miƙo mini ta ce wannan ba 'yar'uwarta ba ce, wata Bahaushiya ce mai kama da ita. Yayana ya yi ta faɗa wai mai wankin hoto ne ya ɓata, ni kuwa ban ce ni ce ba.

Abin da ya fi damuna, yanzu in na rufe ido fuskar hoton nake gani, sumul. Shekara ashirin da bakwai ina kallon matar nan, amma na kasa tuna layi nawa ne a kowane kunci. Ko kyamarar na ɗaga zan ɗauki wani, sai in kasa, in ajiye ta.

Yagana tana da irin tsagar, wanzami ɗaya ya yi musu. Zan iya ɗaukarta hoto in kwafi nata in ɗora a fuskar Ya, na san babu mai ganewa, yanzu ƙwarewata ta kai nan. Amma ni zan sani.

In yi hakan in ba su Ya da tsagarta ko da ta aro ce, ko in faɗa musu gaskiya cewa ni na goge ta da hannuna? Jibi Yagana za ta zo gidanmu, kuma ta ce in nemo mata hoton na gaskiya.