Safayar da Na Cire Saboda Wake

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali da yara? Muna lafiya, alhamdulillahi.

Yaya, na yi laifi. 'Yar ƙaramar safayar da ka saya wa motar, na raina ta, na cire ta don buhun wake ya samu wuri. Ranar Talata, zan kai Inna asibiti a Safana, taya ta fashe mana a tsakiyar daji. Ka dai san hanyar. Sai ga babura suna tahowa. Inna ta kama salati, ni kuma na ɗauka 'yan bindiga ne. Ashe manoman Wagini ne; ɗayansu ya je gidanmu ya ɗauko mani safayar.

Yanzu tana cikin mota, cike da iska.

A sa mu a addu'a. Inna tana gaishe ka. Ni kam har yau ba ta yi mani magana ba.

Ƙaninka,
Lawal