Maganar da Gwaggo Rabi ta yaɓa wa Ummi

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Malam da yara. Ya ƙafar Inna?

Yaya, raina a ɓace yake. Ranar Asabar mun je suna a unguwar Treichville. 'Yata Ummi ta miƙa hannu za ta ɗauki aloko, soyayyar ayabar nan, sai gwaggonta Rabi ta ce a gaban mata, "Ke buhun shinkafa, bar wa mutane." Yarinyar nan shekararta bakwai. Ta yi ta kuka a mota har muka sauka unguwarmu Adjamé, yau kwana uku ta ƙi zuwa makaranta.

Ita Rabin ce fa ta ce nonona bai isa ba, ta ɗura wa Ummi madarar gwangwani da kunu tun tana wata biyu, tana alfahari da kumatunta. Yanzu likita ta gaya mini jaririn da ya yi ƙiba da sauri haka, sau da yawa ƙibar kan bi shi.

Jiya Rabi ta kawo gwangwanin madara don jaririna Abba. Na mayar mata cikin jakarta, na ce nono ya ishe shi. Ta fita ba sallama.

Ki sa mu a addu'a, ki kuma kira Ummi ki lallashe ta, tana jin maganarki. A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Sa'adiyya